Daga Gafaka Zuwa Rumbun Intanet

A wannan mako za mu leƙa tarihin adana rubutu da hoto a Sakkwato.

A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Kilafatin ya iso Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya koma gida da taswirar ƙasa da aka zana masa da hannu, da wani yanki na Infaƙul Maisuri. An buga su a Landan a 1826, kuma har yau masu bincike na duba taswirar, domin an yawaita kwafinta.

Malamanmu ma da kwafi suka dogara. Takarda ba ta da garkuwa daga gara da ɗigon damina da gobara, don haka almajiri kan kwafe littafin malaminsa, sau da yawa ya rubuta sunansa a ƙarshe, ya sa a gafaka. Ta haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suka iso gare mu. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara irin waɗannan littattafai masu yawa, kuma gidan adana tarihi na Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi.

A shekarun 1960 jami'o'in Ibadan da Zariya suka shiga ɗaukar hoton tsofaffin littattafai a kan siririn fim. Yanzu kyamara da kwamfuta sun karɓi aikin. Abin da ya faru a Tambutu a 2013, inda aka ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba, ya nuna haɗarin ajiya wuri guda.

Yau manhaja ke zana mana bangon littafi cikin minti ɗaya, sai mu bar shi a waya. In ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, ana matse hoton, ingancinsa ya ragu, ba zai yi kyau a maɗaba'a ba. Rumbun intanet kuma na kamfani ne: a Yunin 2021 Google Photos ya daina ba da ajiya kyauta marar iyaka.

Saboda haka ka sauke ainihin hoton, ka ba fayil ɗin sunan littafi da kwanan wata, ka ajiye kalmomin da ka ba manhajar. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas, ɗaya a rumbun intanet. Wayar da ta faɗa ruwa kada ta tafi da aikin shekara.

Allah Ya sa mu dace.