Ramin da ke shaidar shekarun ƙarfe

Na'urar gano ƙarfe ba ta jin dutse ko ƙashi. Shi ya sa mafi tsufan abubuwan da masu wannan sha'awa suka tono a Turai ba su wuce zamanin jan ƙarfe da tagulla ba.

A 1999, wasu mutum biyu marasa izini suka tono faifan tagulla mai siffar wata da taurari na zinariya kusa da Nebra, a Jamus. Suka sayar da shi a ɓoye; sai a 2002 ƴan sanda suka ƙwato shi. An ƙiyasta binne shi wajen 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, amma da yake babu masanin da ya gan shi cikin raminsa, har a 2020 wasu na jayayya kan shekarunsa.

A 2001 kuwa, wani mutumin Ingila ya tsinci kofin zinariya a Ringlemere, ya sanar da hukuma. Masana suka haƙa wurin, suka tarar da tsohon tudun kabari, kofin ya samu tarihinsa.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana irin asarar farko: gumakan yumɓu na Bura da aka wawashe sun isa kasuwannin Turai, ramukansu kuwa sun yi shiru.