Daga Kududdufi Zuwa Gulbi: Tarihin Ruwan Kwata a Ƙasarmu

Tarihin Gobir ta gabas ba ya rabuwa da gulbi. A bakin Rima Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa cikin ƙarni na 18, kuma bayan faɗuwarta a 1808 da kafuwar Sabon Birni, mutanenmu ba su yi nisa da fadama ba. Bunsuru da Gagare suna gangarowa ta wajen Isa, Gulbin Maraɗi yana shigowa daga arewa, duk su haɗu su nufi Goronyo. Mun sha rubuta abin da gulbin nan ya ba mu. Bana muna so mu dubi abin da muke mayar masa.

Kakanninmu suna da tsarin tace ruwa, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Kowane gida da salga, ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa ya bi wuriri ya faɗa kududdufin da aka haƙi ƙasar gina unguwar. A can daɗɗaɗar ƙazanta take kwantawa, rana ta dake shi, yashi ya tsotse saura. Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba, domin sauro da tsargiya a kududdufi suke samun mafaka. Amma ruwan ba ya isa gulbi da ɗanyen dattinsa sai an yi ambaliya. Zamanin En'e aka ƙara da duba-gari, wanda ke leƙa randa da makewayi, ya kai mai ƙazanta gaban alƙali. Mu da muka koyar a firamare mun san dubar farce da haƙora da safe reshe ce ta wannan horo.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin ya koma hannunsu, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kula da bahaya da shara cikin ayyukansu. Tsaftar ƙarshen wata da gwamnatin Janar Buhari ta kawo ta share titi, ba ta tambayi inda kwata take ƙarewa ba. Sai bulo ya maye gurbin tubali, aka daina haƙa sababbin kududdufai, tsofaffin kuma aka cike su da juji aka yanka filaye. Leda ta toshe abin da ya rage. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya koro jama'ar ƙauyuka cikin garuruwa, salga ɗaya ta koma ta mutane da yawa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta dawo da ƙarfi a 2010, shekarar da ambaliyar Rima ta cinye garuruwa, sannan a 2021 ta kashe fiye da mutum 3,000 a faɗin ƙasa. 'Yan'uwanmu mazauna Sakkwato su tuna cewa abin da ya bar kwatar Isa, Sabon Birni ko Tsamaye madatsar Goronyo yake tafiya, daga can kuma ake sako ruwan da birnin yake sha.

Garuruwa irin namu ba su buƙatar babbar matata irin ta Wupa a Abuja. Abin da masana ke ba ƙananan garuruwa masu zafin rana shawara a kai shi ne tafkuna biyu ko uku a jere, nesa da gidaje: na farko mai zurfi domin laka ta kwanta, na baya marasa zurfi inda rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan makonni, kafin a saki ruwan. Ba ya son lantarki, fili yake so da mai tsaro. Wato kududdufin kakanninmu ne aka yi masa awo da shinge.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya, a taronta na bana, ta nemi hakimai da ƙananan hukumomin biyu su ƙidaya kududdufan da suka rage, su hana sayar da su, tun kafin a kafa musu harsashin gini.