Barbarar Yanyawa: Karen Farauta Daga Zamanin Kuza Zuwa Yau

A bakin Bahaushe, in an ce da abu barbarar yanyawa to ba yabo ake yi ba. Ana nufin abin ya rasa asali, bai bi uwa ba bai bi uba ba. Amma a wajen 'yan farauta maganar ta sha bamban, domin karen da ya fi cika wa mai shi tukunya a kan duwatsun nan namu sau da yawa ruwa biyu ne. Abin da ya tayar da zancen shi ne yadda samarinmu na Anguwan Rogo suka shiga kallon wani karen Ingila a waya, wai shi lurcher, suna ta musu a majalisa a kan ko zai yi aiki a dajinmu. Tambaya ce mai kyau, sai dai amsarta tana baya, tun lokacin da kakanninmu suka hawo tudun nan.

Kuza ce ta kawo yawancinmu, kowa ya sani. Tun kafin Bature, maƙeran Liruwen Dalma suna narka ta. Da kamfanonin Turawa suka kafa sansani a Naraguta a farkon shekarun 1900, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafancan ya biyo baya a 1927, sannan aka yi diban gwamna lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, aka kwaso dubban talakawa aikin tilas. Lebura kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Mahauci ya biyo shi, da mai tuwo, da wanzami, da makaɗi, da ɗan tauri. Farauta tana cikin kayan da aka ɗauko daga gida: sana'ar rani ce, in an kawar da amfanin gona a buga gangi, a ɗauki gora da barandami, karnuka a gaba. Ita kanta anguwar nan sunanta ya faɗi abin da take a da. Gonaki ne a gefen gari, kuma duk inda rogo yake to gafiya da burgu ba su nisa.

Karnukan da Bahaushe ya sani iri biyu ne. Akwai namu na gida, matsakaici, ja ko fari da ja, mai hanci da naci, wanda zai wuni a bakin rami yana tono bai gaji ba. Akwai kuma dogon nan na Buzaye, siriri kamar an zana shi, ciki a ɗame, ƙirji a zurfafe, wanda asalinsa kwarin Azawak ne, can arewa da Tawa tsakanin Nijar da Mali. Shi da ido yake farauta. Ya hango barewa ko zomo a fili, sai dai ka ga ƙura. A shekarun 1970 Turawa suka kwashi irinsa zuwa Faransa da Yugoslabiya, yau ga shi can ana baje kolinsa da sunan kwarin nasu.

To amma Jos ba Azawak ba ce. Muna zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere kuma sun haura 1,800. Zomon nan ba ya miƙa gudu a fili yadda na rairayi yake yi. Taku kaɗan ya faɗa tsakanin duwatsu, ko ya kutsa shingen ƙyarana da mutanen ƙasar suke kewaye gonakinsu da shi. Agwada ko rema ba ta ma barin dutse. Ga abin da kuza ta bari: tafkuna masu zurfi da gaɓa a tsaye, da tsibin ƙasa, da rijiyoyin loto da ciyawa ta rufe bakinsu. Karen da ya saba sakin jiki gaba ɗaya, idonsa a kan nama kawai, nan ne yake fasa dagi, ko ya karya ƙafa, ko a neme shi a rasa. Sannan ga sanyin Disamba da Janairu, wanda kare marar gashi da kitse yake kwana yana makyarkyata a cikinsa. Shi kuma na gida duk wannan bai dame shi ba, illa dai in zomo ya samu fili ya tsere masa yana kallo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji masu magana, amma a nan sai an haɗa da lissafi. Mafarauci bai buƙatar wani malami ya gaya masa abin yi: a kai doguwar karya wajen karen gida da aka san aikinsa, a zaɓa a cikin 'ya'yan.

Wannan lissafin ne talakan Ingila ya yi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, shi kuma doka ce ta matsa masa. Wajen 1390, zamanin Sarki Richard na Biyu, aka hana duk wanda ƙasarsa ba ta kawo masa sule 40 a shekara ya ajiye karen farauta. A 1671 aka ɗaga abin ya koma fam 100 a shekara, wato an ce nama na masu ƙasa ne kurum. A cikin jerin abubuwan da dokar 1671 ta haramta wa talaka har da lurcher, da sunansa, alamar ke nan tun lokacin ya dami manya. A ƙarni na 19 kuwa, mutumin da aka yi ta kamawa yana farautar dare a gandun wani, ana iya ɗaure shi a jirgin ruwa a kai shi Ostareliya. Saboda haka mai iyali da yake son zomo a tukunya yana buƙatar kare mai gudu, wanda ba ya haushi, wanda zai kama ya kawo har hannu, in ya hango baƙo kuma ya saɓe ya bi ta bayan gari ya koma gida shi kaɗai.

Lurcher dai ba wani jinsi ba ne mai takarda. Haɗi ne: karen tsere, galibi wanda suke kira greyhound, mai gudun da ya kai kilomita 70 a awa, da wani karen aiki. A cikin haɗe-haɗen, wanda ya fi suna wajen masu neman na miya shi ne na collie, karen da makiyayan kan iyakar Ingila da Sikotilan suke kora tumaki da shi. Abin da karen kiwon nan yake kawowa shi ne kai. An yi zuriya bayan zuriya ana zaɓensa a kan abu guda, ya ji fito daga nesa ya aikata: tsaya, kwanta, zagaya dama, dawo. Yana kuma kawo dagi mai tauri, da gashi mai tare ruwa da sanyi, da hanci, da jimirin wuni a kan tudu. Masu shi sukan ce rabi da rabi ya fi hankali da juriya, wanda kuma aka sake mayarwa wajen karen tsere, ya zama kashi uku tsere kashi ɗaya kiwo, ya fi ƙafa. Yana da nasa aibin. Wayonsa yakan yi yawa, har ya riƙa auna zomo, in ya ga ba zai kamu ba ya ƙi tashi. Kuma ba ya ɗaukar tsawa. Ka daka masa ita sau biyu, ya yi zuciya, ranar ta lalace. Yau ma a can an taƙaita shi, don dokar 2004 ta hana bin zomon daji da karnuka a Ingila daga Fabrairun 2005, aka bar musu ɓera da ƙaramin zomon nan mai shiga rami.

Abin da ya kamata mu lura da shi, ma'aunin da Baturen ƙauye ya gano don tsoron mai gandu, mu yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah wajen sakinsa. Da malamai suka zo bayanin horarre, ba su yi zancen tsawon ƙafa ko launi ko asali ba. Suka ce shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. Hadisi kuma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare. Wato tun asali karen da ba ya jin kira bai cika sharaɗi ba, ko da ya fi iska gudu.

To, a kawo shi Jos? Sanyinmu zai yi masa daɗi, wannan babu musu. Ai saboda yanayin ne da ƙarancin tsando aka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924. Amma farautarmu ba a kan tudu take ƙarewa ba. Ana gangarawa ta Tilden Fulani zuwa Toro, ko ta Jengre zuwa ƙasar Lere, inda zafi da kaska da ƙaya suke jiran kare mai gashi. Sannan shi an gina shi ne don mutum ɗaya da karensa, shiru, da dare. Mu kuwa taro muke fita, da kiɗa da kirari da ihu, karnuka hamsin a wuri guda, in nama ya faɗi a yi ta ja-in-ja a kan na wane ne. Kare mai zuciya irin tasa a wannan hargitsi, Allah kaɗai ya san abin da zai zama. Mu a ganinmu darasin za a ɗauka, a bar musu karen. Kuskuren da ya fi wannan shi ne wanda ake yi yanzu, na kai karyar farauta wajen manyan karnukan gadin da ake kiwo a cikin gari don a samu ƙato. Ƙaton zai yi kwarjini a bakin ƙofa, amma kafin hantsi ya fara haki, ga ci kamar gara.

Dajin ma ai ba shi ne na da ba. An keɓe Yankari tun 1956, gwamnatin Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, aka killace gandun dabbobi na Jos a 1972. Jami'a ta zauna a maƙwabtanmu, gidaje suka cinye gonakin rogon. Daga 7 ga Satumba 2001, da abin da ya biyo baya a 2008 da 2010, ba sai an tuna wa kowa a anguwar nan ba cewa akwai tuddan da iyayenmu suke ratsawa su sha ruwa a gidan aboki Birom ko Anaguta ko Afizere, waɗanda yau sai an yi shawara kafin a dosa. Mutanen nan su ma mafarauta ne na asali, da dokinsu da mashinsu, sun san darajar kare sarai. Kuma mun ga abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, inda aka kashe 'yan farauta 16 da suke hanyar komawa Kano. A irin wannan zamani, karen da zai bar sawun zomo ya bi akuyar wani a bayan ƙauye, ka yi ta kira ya ƙi waiwayowa, ba asarar akuya kaɗai zai jawo ba. Karen kiwon Ingila tun yana ɗan kwikwiyo ake sa shi cikin tumaki har ya san ba abin taɓawa ba ne. Wannan ba ya buƙatar jirgin sama. Akwai awaki a kowane lungu na Anguwan Rogo, akwai tumaki a 'Yan Shanu.

Saura kuma a riƙe irin. Dillalan kasuwar karnuka ta Dawaki, a Ƙaramar Hukumar Kanke, suna bi gari gari har cikin Nijar suna saye, kuma su nauyi suke duba, ba su tambayar wace karya ce take dawowa da fito ɗaya. In damina ta kama, farauta ta tsaya, aljihu ya bushe, ita ce ake fara miƙawa saboda ta fi tsoka. Wanda yake da irin wannan karya a gidansa, ya kai ta a yi mata allurar haukan kare, wadda ake haɗawa nan Vom, ya kuma sanar da Sarkin Dawa kafin ta yi ciki, don a san wa za a ba 'ya'yan.