Neman Mikiya a Hunturu: Daga Duwatsun Zuru zuwa Tafkin Kainji

Ƙasar Zuru ƙasar duwatsu ce. Da zarar damina ta ɗauke aka girbe dawa, rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Dakarkari sukan janye su bar yashi da 'yan kududdufai, iskar hunturu kuma ta turnuƙe sama da ƙura. Wanda ya ɗaga kai a wannan lokaci zai ga shirwa tana shawagi bisa kasuwa, zai ga shaho a gefen dajin da aka cinna wa wuta yana dakon fara da ɓeraye. Amma babbar mikiyar nan mai farin kai da farin ƙirji, wadda masu ɗaukar hoton tsuntsaye suka fi kwaɗayin samu, kifi ne abincinta, ba ta zama nesa da babban ruwa. Mai nemanta daga Zuru sai ya nufi kudu maso yamma, ya gangara Yawuri, inda kogin Neja, wanda mutanen bakinsa ke kira Kwara, ya buɗe ya zama tafkin Kainji.

Abu uku mikiyar kifi take nema kafin ta zauna a wuri: ruwa mai kifi, doguwar bishiyar da za ta ɗora sheƙa, da rashin tsangwama. Duka ukun nan sun daɗe da komawa hannun ɗan Adam. Saboda haka tambayar inda za a samu hotonta a hunturu tambaya ce ta tarihi: wa ya tare ruwa, wa ya sare itace, wa ya kafa doka.

Abin da ya faru a Amurka

Mikiyar kifi ta Afirka tana da 'yar uwa a Amurka, ita ma mai farin kai, wadda aka sanya a hatimin ƙasar tun 1782. Darajar hatimi ba ta hana a kashe ta ba. A yankin Alaska hukuma ta riƙa biyan lada ga duk wanda ya harbe ta daga 1917 zuwa 1953, bisa zargin tana cinye wa masunta kifi, aka hallaka fiye da 100,000. A 1940 aka yi dokar kare ta, sai kuma wata masifar ta ɓullo bayan Yaƙin Duniya na Biyu: maganin ƙwari na DDT. Ruwan sama ya wanke shi daga gonaki zuwa koguna, ya shiga jikin kifi, daga kifi ya shiga jikin mikiya, ɓawon ƙwanta ya zama sakayau har yakan fashe idan ta kwanta a kai. A 1963, da aka ƙirga, sheƙa 417 kacal aka samu masu mace da namiji a jihohi 48 na ƙasar. An hana amfani da DDT a gonaki a 1972. A 2007 aka cire ta daga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ƙiyasin da aka fitar a 2021 kuma ya haura tsuntsu 300,000.

Wuraren da masu kyamara ke tururuwa a can cikin sanyi suna da labari iri ɗaya. Idan koguna da tafkuna na arewa suka daskare, mikiya takan bi ruwan da bai daskare ba. Dam ɗin Conowingo da ke jihar Maryland an gina shi a 1928 domin wutar lantarki. Ruwan da ke fitowa daga injinansa ba ya daskarewa, kifin da ya biyo ta ciki kuma yakan fito a gigice, don haka daga Nuwamba zuwa Janairu mikiyoyi ke taruwa a ƙasansa, masu hoto kuma su jeru a bakin shinge tun da asuba. Haka abin yake a madatsun da aka jera a kogin Misisifi a shekarun 1930 domin jiragen ruwa. A kogin Chilkat na Alaska kuwa, ruwa mai ɗumi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ya hana wani sashe daskarewa, dubban mikiyoyi su taru a kan kifi, har aka keɓe musu wurin a 1982. Ungulu ba ta jewar banza, in ji Hausawa. Mikiya ma haka.

Kogi mai cika sau biyu

A Kebbi babu ƙanƙara. Aikin da daskarewa ke yi a Amurka, ƙafewa ce ke yin sa a nan: rani yana shanye ƙananan ruwaye, ya tattaro kifi da masu cin kifi wuri guda.

Sai dai Kwara yana da wata baiwa da ta bambanta shi da sauran kogunan arewa, wato yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta farin ruwa ce, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan da ya sauka a ƙasashen Sakkwato, Zamfara da Zuru ne ke kwararowa ɗauke da laka, ya gurɓata kogin. Cika ta biyu ta baƙin ruwa ce. Asalinta ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini, wanda ya yi wata da watanni yana malala a fadamun Masina a ƙasar Mali, ya sauke lakarsa a can, sannan ya iso Najeriya garau daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ke nan a tsakiyar hunturu, lokacin da rafukan Zuru suka zama yashi, kogin Yawuri yana cike da ruwa mai haske. Mikiya da ido take farauta: tana zaune a reshe, ta hango kifi kusa da saman ruwa, ta sauko ta sure shi da ƙafa. Ruwa mai haske ya fi mata. A rani ne kuma take gyara sheƙa ta yi ƙwai, takan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru tana ƙara mata kirare.

Sarkawa masunta da Gungawa mazauna tsibiran kogin sun san wannan lissafi tun kafin a zo da kyamara, domin su da ita ruwa ɗaya suke ci.

Shekarar 1968

An fara ginin dam ɗin Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru a bayansa ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 1,200. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga garuruwansu. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Gungawa da dama sun bar tsibiransu da gonakin albasarsu suka koma sababbin ƙauyuka a tudu.

Abin da ya zama hasara ga mutane ya buɗe wa tsuntsayen ruwa sabon fili. Gaɓa ta ƙaru da ɗaruruwan kilomita, kifi ya yawaita a shekarun farko, itatuwan da ruwa ya shanye suka bushe a tsaye suka zama wurin sauka. Kututturan waɗannan itatuwa ne har yau matuƙa kwale-kwale ke tsoro. A ƙarshen shekarun 1970 aka haɗe dazukan Borgu da Zugurma aka kafa gandun daji na ƙasa na Kainji, irinsa na farko a Najeriya, wanda kogin Oli ya ratsa ɓangarensa na yamma. A 2008 kuma aka sanya tsibiran Foge na cikin tafkin a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Dam bai zama alheri ga tsuntsu a ko'ina ba. Na Bakolori da aka gama a 1978, da na Goronyo da ya biyo baya, sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Rima har zuwa Argungu. A gabas, na Tiga da na Challawa sun yi wa dausayin Haɗeja da Nguru irin wannan illa, alhali nan ne masaukin dubban tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai duk shekara. Ruwan da aka tara a wuri guda, daga wani wurin aka ɗebe shi.

Daga bindiga zuwa kyamara

Turawan farko da suka yi nazarin tsuntsayen wannan ƙasa da bindiga suka yi shi. Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila, ya ratsa daga Neja zuwa tafkin Chadi har kogin Nilu tsakanin 1904 da 1907, yana harbo tsuntsaye yana feɗe su yana aika fatunsu gida. Da irin waɗannan fatu David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i takwas kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, daga 1930 zuwa 1951. A 1964, shekarar da aka fara ginin Kainji, John Elgood na Jami'ar Ibadan da Robert Sharland suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya, aka koma kallo da tabarau mai hangen nesa da rubutawa a littafi.

Aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa a hankali. A 2002 aka buɗe cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis kusa da Jos, daga 2015 kuma ta jagoranci shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara tsawo da faɗi, masu sa kai suna shiga da waya da kyamara suna rubuta abin da suka gani. Hoton da ke ɗauke da rana da wuri ya maye gurbin fatar da ake aikawa Landan.

Abin da ƙidaya ta nuna

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso, Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan. A wajen gandun daji, manyan mikiyoyi da ungulaye sun ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ungulun da a da ba a rasa ta a kan rufin mahauta ta shiga jerin masu dab da ƙarewa a 2015, saboda guba da cinikin sassan jikinta a kasuwannin magani. Gaggafa, mai gajeren wutsiya da jan baki, wadda ta dace da sararin ƙasa irin ta Zuru, ta shiga jerin masu fuskantar haɗari a 2020. Gauraka, tsuntsun da Najeriya ta ɗauka alamarta, yau da wuya a gan shi a cikin ƙasar.

Mikiyar kifi ba ta shiga waɗannan jeri ba tukuna. Amma abubuwan nan uku da take buƙata duk ana taɓa su: raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi, wasu na zuba maganin ƙwari a ruwa don kamu, masu gawayi kuma manyan itatuwa suka fi so. A nan al'adar Zuru tana da abin nunawa. Kurmin Girmache, mai ruwa da kadoji, ya tsira da itatuwansa ne domin mutanen wurin sun haramta wa kansu taɓa shi tun kaka da kakanni. Dokar da Amurka ta rubuta a takarda a 1940, irinta ce aka riƙe a can da baki.

Taswirar mai kyamara

Wanda ya fahimci wannan tarihi ya san inda zai dosa. Lokacin shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Wurin shi ne inda doguwar bishiya ke kallon ruwa mai faɗi: bakin tsibirai, mahaɗar rafi da tafki, da kusa da inda masunta ke sauke kamu. Garin Yelwa yana gaɓar gabas, don haka mai fuskantar ruwa da safe rana tana bayansa, haske kuma yana kan farin ƙirjin tsuntsuwar. Hazon hunturu yana dusashe abin da ke nesa, gara a samu kusanci ta kwale-kwale mai tafiya a hankali, da rigar ceto a jiki, a kuma rufe gilashin kyamara daga ƙura. Sau da yawa kunne ke riga ido: kukanta mai kaifi, wanda take yi tana jefa kai baya, yana tafiya nesa a kan ruwa. Sheƙa kuwa ba a matsa mata. A Amurka shawarar hukuma ita ce a tsaya aƙalla mita 100 daga gare ta, domin uwa idan ta tashi a firgice, ƙwai ne ke zama a rana. Mafi sanin bishiyar da take sauka shi ne masuncin da ke wucewa ƙarƙashinta kullum, kuma ta hannun sarkin ruwa ake samun irinsa.

Akwai sharaɗi na huɗu da ya shafi mai hoton kansa. Tun wajen 2020 'yan bindiga suka addabi masarautar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba. A Yunin 2021 aka sace ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, dajin Kainji kuma ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. Mafi kyawun wuraren ganin mikiya suna cikin wuraren da ba a shiga yau sai da shawarar mutanen gari da jami'an tsaro, wasu ma ba a shiga sam.

Hasarar ta wuce ta hoto. Amurka ta ceto mikiyarta ne domin a 1963 akwai waɗanda suka fita suka ƙirga, suka dawo da lamba 417, aka ji tsoro aka tashi tsaye. Dajin da ba a iya shiga ba a iya ƙirga abin da ke cikinsa, kuma tsuntsu yana iya ƙarewa a can shiru, kamar yadda ungulu ta ɓace daga mahautu kafin a farga. Saboda haka ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Zuru ko matashin Yelwa da ya ɗauki hoton mikiya a bakin Kwara, ya rubuta rana da sunan ƙauyen, ya aika wa masu taswirar Jos, ya ajiye shaidar da za a nema nan da shekara talatin, ranar da wani zai sake bin hanyar yana tambaya ko tana nan.