Giwayen Komadugu da ruwan da ya tafi da su

Mai neman kallon namun daji a Nijar a shekarun baya, Kure ake nuna masa wurin raƙuman dawa, ko gandun W a bakin Kwara. Ba wanda ke ambaton Difa. Alhali kuwa wasu daga cikin baƙin farko da suka rubuta labarin dabbobin wannan ƙasa, a gabas suka gan su. A 1823 Denham da Clapperton suka iso Tafkin Chadi ta wajen Ngigmi, suka tarar da giwaye da tsuntsaye ba iyaka, kuma Denham ya ga dorinai kusa da kufan Birnin Gazargamu, a kwarin Komadugu. A 1851 Barth ya ci karo da garken giwaye a arewacin tafkin. Abin da ya raba kwarin da wannan arziki, a ganina, ruwa ne kafin komai.

Za a ce ai maharba ne suka ƙarar da su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin bindiga da mota sun yi wa barewa da jimina mummunar ɓarna a hamadar Termit. Sai dai farauta ba baƙuwa ba ce a Barno: shekaru aru-aru ana kai hauren giwa Fezzan a bayan raƙuma, giwar ba ta ƙare ba, saboda tana da fadama da ƙurmin da za ta shige. Maɓoyar ce ta tafi. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 ya janye bayan farin 1973 da na 1984, har Ngigmi ta wayi gari nesa da gaɓa. A can sama kuma aka tare ruwan da ke zuwa Komadugu da madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika tafkunan kwari ta ragu. Ɗan abin da ya saura na gaɓa mai dausayi ya koma gonakin tattasai da shinkafa, kuma ba wanda zai ga laifin manomin Difa ko Bosso a kan haka.

Masu ɗora laifin a kan Boko Haram sun fi kowa kuskure. Harin da suka kai yankin a Fabrairun 2015 ya kori baƙi da masunta, amma giwa ta riga ta daɗe da barin kwarin. Ko an samu zaman lafiya gobe, maganar yawon kallon dabbobi a Difa tana hannun masu sakin ruwan Tiga da Challawa.