Daminar 1993: Zaɓen da Aka Soke da Gidajen da Suka Ɗaure Kaya

In aka tashi ba da labarin zaɓen 12 ga Yuni, 1993, sunaye kaɗan ake ta juyawa: Janar Ibrahim Babangida, Cif Moshood Abiola, Alhaji Bashir Tofa, Farfesa Humphrey Nwosu na hukumar zaɓe, sai Janar Sani Abacha da ya kwashe ganimar daga ƙarshe. Mai sauraro sai ya ɗauka rikicin bai fita daga fadar shugaban ƙasa da kotunan Abuja ba. Alhali ɓarnar da ta fi daɗewa a gidajen talakawa aka yi ta, domin cikin 'yan makonni soke zaɓen ya sa maƙwabtan da suka zaɓi mutum ɗaya suka koma kallon juna da tsoro. Gidajen Hausawa kuwa suna cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu, ko da yake ba kasafai ake lissafawa da su ba.

Sai a fara duba abin da ƙuri'ar ta nuna. Abiola na jam'iyyar SDP Musulmi ne, mataimakinsa Babagana Kingibe shi ma Musulmi, amma Kiristocin kudu da na Filato suka zaɓe su. Tofa na NRC ɗan Kano ne, amma Abiola ya kayar da shi a jihar Kano, ya kuma ci Jigawa da Kaduna da Borno da Yobe. Tofa ya riƙe Sakkwato da Katsina da Kebbi da Bauchi, ya kuma ci wasu jihohin kudu irin su Ribas da Imo. Sakamakon da ya fita daga baya ya ba Abiola kusan kashi 58 cikin 100. Wato magidancin da ke Fagge ko Haɗeja bai ɗauki zaɓen a matsayin gasar Hausa da Yarabawa ba. Abin da ke gabansa shi ne cefane, bayan shekara bakwai ana fama da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, ga kuma ɗan takara yana alkawarin sallamar talauci.

Ranar 16 ga Yuni aka dakatar da sanar da sakamako, ranar 23 aka soke zaɓen dungurungum. A farkon Yuli Legas ta kama da wuta, sojoji suka fito, aka kashe mutane fiye da ɗari. Gwamnati ta rufe jaridu irin su Concord da Punch, wanda ya bar mutane da rediyon BBC da na Muryar Amurka da kuma jita-jitar tasha. Da ranar 27 ga Agusta ta ƙarato, ranar da soja suka yi alkawarin miƙa mulki, sai maganar yaƙi ta cika gari. A nan ne siyasar shugaban ƙasa ta shigo har tsakar gida. Inyamurai suka riƙa loda katifu da tukwane da yara a manyan motoci suna komawa gabas, gudun da har yau suke kira Oso Abiola. Yarabawa da dama suka bar garuruwan arewa. Hausawan Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Ibadan, waɗanda wasunsu a can aka haife su, suka shiga shawarar da ba ta da daɗi: a tura mata da yara gida maigida ya tsaya gadin rumfa, ko a sayar da abin da zai sayu a arha a tafi gaba ɗaya? Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, wasu kuma hatsarin hanya ne ya cinye su, ba yaƙin da suka guje wa ba.

Wani zai ce ai yaƙin bai zo ba, tsoro ne kawai da jita-jita. Gaskiya ne bai zo ba. Amma a 1993 shekara 27 kacal ke nan da kashe-kashen 1966, kuma duk wanda ya haura arba'in ya ga yadda rikicin manya a Legas da Kaduna ya ƙare a ƙofar gidan ɗan kasuwar Sabon Gari. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma asarar ba ta jira harbin bindiga ba: an cire yara daga makaranta, jari ya narke a kuɗin hanya, bashin da ke tsakanin mai kawo shanu da mahaucin Legas ya tsaya cak.

Akwai ƙorafi mafi nauyi, wanda aka daɗe ana jifan arewa da shi: in da gaske talakan arewa ya zaɓi Abiola, me ya sa bai fito titi ba? Ba za a wanke manyan arewa ba, domin da yawansu sun yi shiru ko sun goyi bayan sokewar, kuma shugabannin SDP kansu sun amince da gwamnatin riƙon ƙwarya. Amma shirun talaka daban ne. Yuli da Agusta tsakiyar damina ce, lokacin noman farko da maimai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Manomin da ya bar gona kwana uku ciyawa ce za ta hukunta shi. Bayan haka, zaman gida na kwana uku da ƙungiyar Campaign for Democracy ta Dakta Beko Ransome-Kuti ta kira a tsakiyar Agusta ya fi kama kudu maso yamma, kuma yadda fafutukar ke ƙara ɗaukar kamannin ƙabila, haka wanda ya zaɓi Abiola a Kano yake ƙara jin an fitar da shi daga cikinta. Sokewar ce ta haifar da wannan rabuwa, ba tarar da ita ta yi ba.

Haka nan masu cewa wahalar ta riga zaɓen suna da hujja, tunda hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a shekarar. Sai dai tsada daban, rashin sanin gobe daban. Da tsada ana iya rage awo. In kuwa direba ya ƙi ɗaukar albasa da tumatir zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas don bai san ko zai dawo ba, kayan gwari a gona suke ruɓewa, goron Shagamu kuma ba ya isowa.

Babangida ya sauka ranar 26 ga Agusta ya bar wa Cif Ernest Shonekan kujerar shugabancin gwamnatin riƙon ƙwarya. A Nuwamba gwamnatin Shonekan ta ɗaga litar fetur daga kwabo 70 zuwa naira 5, ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki, wata kotu a Legas ta ce gwamnatin haramtacciya ce. Da Abacha ya karɓe mulki ranar 17 ga Nuwamba, ba a ga irin boren Yuli ba, har wasu 'yan fafutuka sun yi maraba da shi. Mutanen da suka yi wata biyar kayansu a ɗaure sun gaji, so suke a buɗe kasuwa a mayar da yara makaranta. Cikin kwanaki aka sasanta litar fetur a kan naira 3 da kwabo 25, aka janye yajin aiki, Kingibe kuma ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin sojan.