Dukiyar Matar Aure a Shari'ar Ingila, 1827 zuwa 1882

Cikin shekara ta 1827 aka ɗaura auren Caroline Sheridan da George Norton, wani lauya ɗan Majalisar Ingila. A zamanin nan dokar ƙasarsu ta ɗauki miji da mata mutum guda ne, mutumin nan kuwa shi ne miji. Watau da an ɗaura aure, kuɗin mace da kayanta na ɗauka, har da abin da za ta samu da guminta, sun zama na mijinta. Ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya ko kai ƙara da sunanta.

Caroline marubuciya ce, da alƙalaminta take samun kuɗi. Sa'ad da zamansu ya ɓaci a 1836, mijin ya raba ta da 'ya'yanta uku. A 1848 suka rubuta takarda zai riƙa ba ta fam 500 kowace shekara, amma da ta ci gadon mahaifiyarta sai ya daina. Da magana ta kai gaban alƙali a 1853, aka ga takardar ba ta ɗaure shi ba, domin mutum ba ya yi wa kansa alkawari a shari'a. Har kuɗin littattafanta ma doka ta ce nasa ne. Ba wata dabara ya yi ba, abin da doka ta ba shi ya kama.

Ƙasidun da ta rubuta sun taimaka wajen kafa dokar 1857, wadda ta tsare dukiyar matar da miji ya guje mata. Dokar 1870 ta bar wa mace ladan aikinta, amma cikakken mallaka sai 1882, bayan rasuwar Caroline da shekara biyar.

Shekara ashirin da ɗaya bayan wannan, Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, suka tarar alƙalai suna hukunci da mazhabar Malikiyya, inda sadaki da gado da ribar sana'a duk na mace ne, ciyarwa kuwa a wuyan miji take. Iyakar abin da aka ba miji shi ne ya hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. Amma fa hukuncin littafi dabam, zaman gida dabam: matar kulle wadda miji ya ci jarinta, sai ta sami hanyar isa gaban alƙali da shaidu kafin hukuncin ya amfane ta.